Birni da Waje: Tarihin Ɗan Gari da Baƙo a Kano

Kalmomin nan biyu, birni da waje, da mutanen Kano suke raba garinsu da su, a zahiri bayanin wuri suke yi, domin birni shi ne abin da ganuwa ta kewaye, waje kuwa shi ne duk abin da ya rage a bayanta. Amma a bakin Bakano ma'anarsu ta wuce ta ƙasa da gini, ta kai ga matsayin mutum, da gidan da zai nemi aure a ba shi, da alƙalin da zai yi masa shari'a, da kuma ko za a ƙidaya jikokinsa cikin 'yan gari. Wanda ya bi tarihin wannan iyaka, tun daga zamanin sarakunan Haɓe har zuwa zamanin takardar shaidar ƙaramar hukuma, zai ga cewa makomar baƙo a Kano ta fi rataya a kan samun wanda zai tsaya masa, ya shaide shi a gaban hukuma da jama'a, fiye da yadda ta rataya a kan tsawon katanga ko daɗewarsa a garin.

Littafin tarihin sarautar Kano, wanda aka tattara da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, ya danganta fara ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu a farkon ƙarni na 12, ya ce ɗansa Tsaraki ne ya kammala ta, daga baya Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, aka kuma sake faɗaɗa ta a ƙarni na 17. Da sojojin Ingila suka iso a watan Fabrairu na 1903, sun tarar da katangar ƙasa mai kewayen kimanin mil 11, da ƙofofi 13, kowace da sarkin ƙofarta, wanda yake rufe ta idan dare ya yi, yake kuma lura da masu shiga da kayan da suka ɗauko. Maganin mahara aka gina ta, irin su Kwararrafa da rundunonin Katsina, shi ya sa aka bar gonaki da kududdufai a cikinta domin mutanen karkara su sami mafaka da abinci idan yaƙi ya tsananta. Game da fatake kuwa, ƙofa a buɗe take muddin akwai rana. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya ce a lokacin rani, sa'ad da ayarori suke sauka, adadin yakan kai 60,000. Garin da rabin mutanensa baƙi ne a wasu watanni na shekara dole ne ya ƙware wajen karɓar baƙo, in ba haka ba kasuwar Kurmi ba za ta ci ba.

Sunayen unguwannin cikin birni su ne shaidar wannan ƙwarewa. Wangarawa, malamai da 'yan kasuwa daga ƙasar Mali, sun zo a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, zuriyarsu ta kafu a Madabo, wadda ta zama cibiyar karatun fiƙihu. Unguwar Sharifai tana danganta kanta da Shehu Magili, malamin da ya zauna a Kano a zamanin Rumfa. Akwai Zangon Barebari na mutanen Borno, da Tudun Nufawa, da Agadasawa, da Alfindiki, wadda sunanta ya fito daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake, da Dandalin Turawa, inda Larabawan Tarabulus da na Gadamas suka zauna, domin kafin zuwan mutanen Turai Larabawa ake kira Turawa. Akwai kuma Ayagi, unguwar Yarbawa Musulmi da suka zauna cikin birni tun ƙarni na 19. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sunaye yana tuna wa mai ji cewa mutanen wurin daga wata ƙasa suka taso, amma dukkansu a cikin ganuwa suke, kuma babu wanda yake tantama a yau cewa 'ya'yansu Kanawa ne.

Hanyar da baƙo yake bi ya kai wannan matsayi sananniya ce, ko da yake ba a rubuta ta a wata doka ba. Falke idan ya iso yakan sauka a gidan fatoma, wato mai masaukin da yake ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an ba shi bashi ko rigima ta kai gaban alƙali. Mutuncin mai masauki shi ne jinginar baƙo. Idan zama ya yi nisa, mai unguwa ya san shi, ta bakin mai unguwa kuma fada take sanin da zamansa. Yakan bi liman a masallacin unguwa, ya halarci suna da jana'iza, ya nemi aure, 'ya'yansa su tashi da Hausa a baki, su je makarantar allo tare da 'ya'yan maƙwabta. A kowane mataki akwai wani ɗan gari da ya ce ya san shi. Abin da ba ya gogewa shi ne asali, wato tushen da ake danganta zuriya da shi ta wajen uba, wanda a da har wanzami yakan zana shi a fuska da tsaga. Asali yana da tasiri a wajen aure da sarauta da sana'a, sai dai bai hana mutum zama Bakano ba, domin tambayar asali dabam take da tambayar gari. Wasan barkwanci da ake yi tsakanin Fulani da Barebari, ko tsakanin Kanawa da Zagezagi, yana nuna irin wannan tunani: ana ambaton bambanci a fili, har a yi ba'a da shi, kuma wanda ake yi wa ba'ar ya san cewa ba a wasa da wanda ba a san da zamansa ba.

Agalawa sun fi kowa nuna nisan da wannan hanya take iya kai mutum. Masu binciken tarihin fataucin goro sun nuna cewa Agalawa da Tokarawa zuriyar Bugaje ne, wato mutanen da suke ƙarƙashin Abzinawa, waɗanda suka gangaro kudu suka zauna a karkarar Katsina da Kano, suka bar harshen iyayengijinsu, suka kama Hausa da fatauci zuwa Gwanja. Sun riƙe sunan asalinsu, suka mai da shi jarin amana, ta yadda Ba'agale yake samun masauki da bashi a wurin ɗan'uwansa a duk zangon da ya sauka. Daga cikinsu Alhassan Ɗantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro a Gwalkwas, ya dawo Kano ya zama babban mai sayen gyaɗa, ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Zuriyar da ta faro daga gefen hamada a matsayin bayin wasu, yau da ita ake misali idan ana maganar attajiran Kano.

Ba daidai ba ne, duk da haka, a mai da tsohon birni aljannar baƙi, domin ƙofar tana da farashi, kuma ba kowa aka yarda ya biya ba. Farashin shi ne Musulunci da harshen Hausa da biyayya ga sarki. Maguzawa, waɗanda suka fi kowa daɗewa a ƙasar, kuma Hausa ce harshensu na gado, sun zauna a karkara a matsayin 'yan amana, suna biyan jiziya, wato harajin da wanda ba Musulmi ba yake biya a ƙarƙashin daular Musulunci domin a kare ransa da dukiyarsa. Sunan da aka ba su ya samo asali daga kalmar Larabci ta Majusu, mutanen da malaman fiƙihu suka halatta karɓar jiziya daga gare su, saboda haka sunan ya yi aiki biyu a lokaci guda: ya ba su matsayi a shari'a wanda ya kamata ya kare su daga bauta, ya kuma tsare su a bakin ƙofa har sai sun musulunta. Balaraben da ya sauka jiya ya fi Bamagujen da kakanninsa suka sari dajin kusanci da fada. Bayi kuma suna cikin ganuwa, amma ba su cikin 'yan gari, ko da yake su ma shari'a ta bar musu hanyoyi, kamar murgu, wato kuɗin da bawa yake biyan ubangijinsa domin ya yi aikin kansa, da fansa, da haihuwar da ƙwarƙwara take yi wa ubangijinta, wadda take sa ɗanta ya zama ɗa mai cikakken gado. Bayin sarki masu riƙe da sarautun Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun yi ƙarfin da hakimai da yawa ba su yi ba, amma ƙarfin bai goge sunan bauta ba, kamar yadda dukiya ba ta cika sa gidan sarauta ya ba mahauci ko maroƙi 'yarsa ba.

Jihadin da ya kawar da Sarki Alwali a wajen 1807 ya ƙara wata iyaka a cikin birnin kansa. Manyan sarautu suka koma hannun zuriyoyin Fulanin da suka jagoranci yaƙin: Sulluɓawa suka riƙe gadon sarauta tun daga Ibrahim Dabo a 1819, Yolawa suka riƙe Madaki, Joɓawa Makama, Dambazawa Sarkin Bai. Tsofaffin masu gari kuwa aka riƙa kiransu Haɓe, kalmar Fulatanci da take nufin waɗanda ba Fulani ba. Abin lura shi ne cewa masu mulkin ne suka narke a cikin waɗanda suke mulka, suka bar Fulatanci suka kama Hausa, ba tare da sun saki asalin da ya ba su haƙƙin sarauta ba. A kan wannan iyaka ta sarakuna da talakawa jam'iyyar NEPU ta gina siyasarta bayan kafa ta a 1950.

Turawan mulkin mallaka sun zo da wani lissafi. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, kuma tun a 1900, kafin cin Kano, Sarki Alu ya sallami ayarin 'yan mishan da suka iso birnin. Saboda haka aka hana mishan aiki a cikin biranen Musulmi. A ɗaya ɓangaren kuma gwamnati da kamfanoni suna buƙatar akawuna da masu aikin waya da kafintoci da direbobin jirgi, waɗanda a lokacin sai daga Legas da Saliyo da Gwalkwas ake samunsu, yawancinsu Kiristoci masu karatun boko. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, sai yawansu ya ƙaru, aka yanka musu fili a arewa maso gabashin birni a wajen 1913, aka kira shi Sabon Gari. Dokar tsara garuruwa ta 1917 ta tabbatar da rabon: Turawa a unguwarsu, da fili mai faɗin yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakaninsu da 'yan ƙasa, da hujjar kariya daga zazzaɓin sauro, Kwarori, wato 'yan kasuwar Siriya da Lebanon, a gefen Fagge, inda ake danganta sunan Kantin Kwari da su, 'yan Arewa da ba Kanawa ba, leburori da tsofaffin sojoji, a Tudun Wada da Gwagwarwa, 'yan Kudu a Sabon Gari. Fagge kanta tsohon zango ce da ayarorin raƙuma suke sauka tun kafin Turawa, kuma tana ƙarƙashin sarki, shi ya sa mutanenta suka ci gaba da bin tsohuwar hanya suna zama Kanawa.

A nan ne tarihin baƙo a Kano ya karye biyu. Ware wa baƙi unguwa ba sabon abu ba ne, domin haka aka yi wa Nufawa da Barebari. Abin da ba a taɓa yi ba shi ne a cire unguwar baƙi daga hannun sarki gaba ɗaya. An sa Sabon Gari a ƙarƙashin jami'in Bature mai kula da bariki, aka ba ta kotu dabam wadda ba ta alƙali ba, aka ba mazaunanta filaye a kan haya ta ƙayyadadden lokaci, aka bar su su gina coci da makarantun mishan, aka kuma yarda a sayar da giya a can alhali an hana a birni. Mutumin Sabon Gari bai da fatoma a birni, mai unguwa bai san shi ba, ba ya tsayawa gaban alƙali, ɗansa ba ya zama a tabarma ɗaya da ɗan Bakano, kuma harshen da yake neman abinci da shi a ofis Ingilishi ne. Duk matakan da suke mai da baƙo ɗan gari an ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an kafa wasu a madadinsu ba. Bambancin addini ya yi tasiri ƙwarai, amma bai isa ya bayyana komai ba, domin akwai Yarbawa Musulmi masu yawa a Sabon Gari, kuma su ma baƙi suka ci gaba da zama, alhali 'yan'uwansu na Ayagi, da suka riga Turawa zuwa, sun daɗe da zama Kanawa. Asali ɗaya, addini ɗaya, amma wanda ya shigo ta hannun mai unguwa ya zama ɗan gari, wanda ya shigo ta hannun jami'in bariki ya tsaya a baƙo.

Laifin bai tsaya a kan Turawa kaɗai ba. Sarakuna sun so rabon, domin ba su son mutanen da ba sa faɗuwa gaisuwa, masu karanta jaridun Legas, su zauna a tsakiyar talakawansu. Turawa sun so shi saboda dalilin da bai yi nisa da wannan ba. Da yawa daga cikin 'yan Sabon Gari kuma sun fi son kotun Bature a kan ta alƙali, suna kallon zamansu a matsayin ci-rani mai tsawo wanda ƙarshensa gida ne. Sunayen titunan unguwar, irin su na Abeokuta da Warri da Enugu, suna duban garuruwan da aka baro. Bayan an buɗe gadar Makurɗi a 1932, jirgi ya haɗa Gabas da Arewa kai tsaye, 'yan ƙabilar Ibo suka ƙaru har suka zama mafiya yawa, suka kafa ƙungiyoyin garuruwansu da makarantarsu. Lokacin da aka mai da Sabon Gari ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, a 1940, an riga an yi kusan shekara 30 kowane ɓangare yana girma da bayansa ga ɗaya. Karin maganar da take cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, a da tana bayanin falken da zai tashi da safe. Yanzu ta zama hukunci a kan mutanen da aka haifa a garin.

Inda sanayya ta yi ƙaranci, laƙabi yakan maye gurbin suna. Ɗan birni ya riƙa kiran duk ɗan Gabas da laƙabin da ake cewa ya samo asali daga yadda suke roƙon ruwan sha a harshensu, ɗan Kudu kuma ya mai da kalmar aboki, wadda a Hausa kalmar ƙauna ce, ta zama sunan raini ga kowane ɗan Arewa. Da siyasar neman mulkin kai ta zo, ta tarar da iyakar a shate. Bayan taƙaddamar da ta biyo ƙudurin da Anthony Enahoro ya gabatar a 1953 na neman a ba da mulkin kai a 1956, da ihun da aka yi wa wakilan Arewa a Legas, sai shirin ziyarar Samuel Akintola zuwa Kano ya haddasa tarzomar 16 zuwa 19 ga Mayu, 1953, wadda aka gwabza a tsakanin Fagge da Sabon Gari, alƙaluman hukuma suka nuna mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni. Jam'iyyar da ta shirya ziyarar ta Yarbawa ce a galibi, amma faɗan ya fi tsanani tsakanin Hausawa da Ibo, abin da yake nuna cewa gasar kasuwa da ta aiki ta riga siyasar ranar taruwa. Kashe-kashen 1966 sun fi haka muni nesa ba kusa ba, sun kuma kusan kwashe Ibo daga unguwar har bayan yaƙin basasa. A tsakanin waɗannan shekaru gwamnatin Sardauna ta bi manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati, saboda tsoron da yake da tushe cewa ratar ilimin boko za ta bar ofisoshin Arewa a hannun wasu, kuma dokar mallakar ƙasa ta 1962 ta bayyana ɗan ƙasa da cewa shi ne wanda ubansa ya fito daga wata ƙabila ta Arewa. Asali, wanda a da al'ada ce take tuna shi, ya shiga littafin doka.

Hausawa sun ɗanɗani irin wannan matsayi a inda su ne baƙi. A Ibadan an ware musu unguwar Sabo a 1916, da sarkinsu wanda hukuma ta amince da shi, kuma binciken Abner Cohen ya nuna cewa da wannan amincewa ta fara rauni a farkon shekarun 1950, sai mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu, domin su tsare iyakar da cinikin goro da na shanu ya dogara a kanta. Wato wani lokaci baƙon da kansa ne yake gyara katangar, idan abincinsa a jikinta yake. A Gana kuma umarnin korar baƙi da gwamnatin Kofi Busia ta bayar a watan Nuwamba na 1969, wanda ya ba marasa takardar izinin zama mako biyu su fice, ya rutsa da mutanen zango da yawa da aka haifa a Kumasi da Akara, waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai ita.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1979, da na 1999 da ya gaje shi, sun kafa ƙa'idar raba daidai, wato rarraba muƙaman tarayya tsakanin jihohi, suka kuma ɗaura zama ɗan jiha a kan al'ummar da iyaye ko kakanni suka fito. Daga nan takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin gurbin karatu da tallafin ɗalibai da shiga aikin soja ko na gwamnati. A ƙasar Kano hanyar samun takardar takan bi ta kan mai unguwa da dagaci da hakimi, wato sarƙar shaidar nan ta tun zamanin fatake, shi ya sa tsohuwar ƙofa ba ta rufe ba ga wanda ya cika tsofaffin sharuɗɗa: Janar Sani Abacha Babarbare ne ta asali, amma a Kano aka haife shi, a matsayin ɗan Kano ya yi aiki, a can kuma aka binne shi. Ganuwar ƙasa ta zube a wurare da dama, gidaje sun cinye wasu sassanta, kuma mafi yawan Kanawa a yau a wajenta suke kwana. Sabon Gari kuwa, wadda ta haura shekara 100, tana cikin ƙaramar hukumar Fagge, mazaunanta suna biyan haraji suna jefa ƙuri'a a Kano, amma jikan akawun da ya sauka daga jirgi a zamanin Sarki Abbas, wanda a mulkinsa aka kafa unguwar, idan yana neman takardar asali, yawanci garin kakansa ake tura shi.